Darasi na 14: Gane Naman Kazan da Ke Manne wa Katako

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Kano, ku shiga wani tsohon sito a Sharaɗa ko Bompai, ku nemi katakon ɗora kaya da ya daɗe a gindin bango ba a motsa shi ba, ku kifa shi. Sau da yawa za ku tarar wani abu ya shimfiɗu a bayansa, fari ko ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa. Ba shi da kara, ba shi da hula, ya dai manne wa katakon yadda ƙanzo ke manne wa gindin tukunya. Lebura zai ce datti ne, kafinta ya ce aikin gara ne, alhali kuwa halitta ce mai rai, 'yar'uwar naman kazan da ke tsirowa a juji bayan an sha ruwa. Abincinta shi ne katakon da take kai. Don sauƙin magana, a wannan darasi za mu kira shi mannau.

Ɓawon da ido ke gani ɗan yanki ne kawai na halittar. Ainihin jikinta zaruruwa ne da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Suna ratsa cikin katako, suna fitar da wani ruwa da ke narkar da shi, su tsotse. Sukan yi watanni a ciki ba wanda ya sani. Sai sun ƙoshi, sun kuma sami danshi, sannan su fito fili su shimfiɗa ɓawon, wanda ba shi da wani aiki sai zubar da iri. Irin nan ƙura ce da ido ba ya gani, iska ke yawo da ita. Galibi ɓawon a ƙarƙashin katako yake fitowa, yana fuskantar ƙasa, domin can ne lema ke daɗewa, kuma daga can iri ke faɗowa ba abin da ya tare shi. Saboda haka duba katako daga sama kawai ba dubawa ba ce.

Me ya kawo shi garin da rana ke da ƙarfi?

Mannau ba ya iya cin busasshen katako. Masana katako suna auna ruwan da ke cikin itace da kaso cikin ɗari na nauyin busasshensa. Idan ruwan bai kai kashi 20 ba, ruɓa ba ta kamawa. Idan ya kai kashi 30 ko ya wuce, ya kuma daɗe a haka, to ƙofa ta buɗe. A Kano, hunturu kan busar da katako ƙarau, ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 10. Ko a tsakiyar damina ma, katakon da ke ƙarƙashin rufi mai kyau, yana shan iska, ba kasafai yake kai kashi 20 ba. Ma'anar wannan a fili take: duk inda kuka ga mannau a cikin ginin masana'anta a Kano, akwai ruwan da ke zuwa wurin daga wata hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowace unguwar masana'antu da irin tsagar bangonta. Bompai ce mafi tsufa, gine-ginenta da yawa sun kwana biyu, kwanon rufi ya yi tsatsa, indararo ya toshe da ƙasa da ganye, ruwa na bin katakon rufi yana kwanciya a mahaɗa. A Sharaɗa, inda aka rufe kamfanoni da dama aka mayar da wasu wurin ajiyar kaya, matsalar takan zo daga ƙasa: kwata ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shiga ya kwanta, katakon ɗora kaya ya yi ta sha a ɗakin da ba a buɗe taga. Challawa kuwa ba ta jiran damina. Masana'antun jima da ke can aikinsu na ruwa ne tun daga jiƙa fata har wanke ta, don haka daɓe na iya zama a jiƙe rani da damina.

Akwai kuma ruwan da ke zuwa da katakon kansa. Yawancin katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako ta Na'ibawa daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, wani tun yana ɗanye. Idan aka jibge shi a ƙasa, aka lulluɓe da tampol, ba a sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle ba, to an yi wa mannau shimfiɗa. Itatuwa kuma sun bambanta. Obeche ba shi da nauyi, yana da daɗin aiki, amma ba ya jure lema ko kaɗan. Zuciyar iroko da ta kirya suna daɗewa ba su ruɓe ba. Sai dai farin sashen da ke kusa da ɓawon itace, kowane irin itace ne, shi ke fara lalacewa, kuma da shi aka fi yin katakon ɗora kaya saboda araha.

Abubuwan da ake ruɗewa da su

Kafin a ce mannau ne, a fitar da waɗanda ba shi ba. Ginin gara ƙasa ce: a murza da yatsa za a ji tsakuwa-tsakuwa, a ɓare za a ga hanyoyi, wani lokaci har da garar a ciki. Funfuna ta yau da kullum, koriya ko baƙa, takan fito cikin 'yan kwanaki, tana goguwa da tsumma, katakon da ke ƙarƙashinta kuma yana nan da ƙwarinsa. A masana'antar jima, farin da ke bushewa a jikin katako sau da yawa gishirin da aka adana fata da shi ne. A ɗiga masa ruwa, idan ya narke an gama magana. Ƙananan hudoji masu zagaye da lallausan gari a bakinsu aikin ƙwaro ne.

Na ƙarshe shi ne shuɗi-shuɗi ko toka-tokan da ake gani a cikin naman obeche, wanda ko an goge da injin fira ba ya fita. Wata funfuna ce mai suna Lasiodiplodia theobromae ke jawo shi tun katakon yana ɗanye. Tana ɓata kyan katako ta karya masa kuɗi, amma ba ta cika rage masa ƙarfi ba.

Mannau ya bambanta da duk waɗannan. Yana da jiki da ake iya yanka, yana da gefe da tsakiya, ba ya goguwa, ba ya narkewa, kuma katakon da ke ƙarƙashinsa ya riga ya canza.

A fara da fuska

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa, tocila, wayar hannu mai ɗaukar hoto, da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, wanda ke ninka abu sau 10. Kada a haska tocila kai tsaye. A riƙe ta daga gefe, hasken ya kwanta a kan ɓawon, sai kowane tudu da kwari ya fito da inuwarsa.

Abu na farko da za a tambaya shi ne, yaya fuskar take? Wani sumul yake, ba tudu ba rami. A nan ake samun dangin Stereum da Peniophora da Phanerochaete. Wani yana da ƙuraje-ƙuraje. Wani ya tattare ya yi ninki-ninki, da ɗanyensa yana da santsi da danƙo, idan ya bushe ya yi tauri ƙwarai, irin halin dangin Phlebia ke nan. Wani kuma yana da haƙora, wato 'yan tsinake da ke rataye suna kallon ƙasa. Idan haƙoran farare ne ana tunanin Irpex lacteus. Idan rawaya ne, to akwai Flavodon flavus, wanda ya yaɗu a ƙasashe masu zafi, har da Afirka. Na ƙarshe shi ne mai ramuka ƙanana jere da juna. Masana kan ware wannan su sa shi a wani rukuni dabam, amma a idon mai sito duk shimfiɗa ce, kuma ɓarnarsu ɗaya. Idan kun sami mai ramuka, ku ɗora rula ku ƙirga ramuka nawa ne a milimita ɗaya, domin da wannan lissafi ake rarrabe su.

A nan akwai tarko. Tsohon mai ramuka kan yayyage ya koma kamar mai haƙora. Don haka a duba kusa da gefe, inda sabon tsiro yake, kada a yanke hukunci da tsakiya kaɗai.

Gefen ma yana da labarinsa. Wani ya tsaya cak da iyaka bayyananniya. Wani ya siranta ya ɓace a jikin katako, ba a san inda ya ƙare ba. Wani yana da geza fara mai laushin auduga, alamar yana kan girma. Wani kuma igiyoyi ke fita daga gare shi suna bin katako ko bango. Idan kun ga igiyoyin nan, ku bi su da tocila, sau da yawa za su kai ku inda lemar take. Akwai kuma wanda gefensa ke ɗagowa ya lanƙwashe ya yi 'yar rumfa. Dangin Stereum sun shahara da haka, kuma saman rumfar yakan yi gashi-gashi da layuka. Abin lura, halitta ɗaya tana iya shimfiɗuwa sarai a ƙarƙashin katako, ta zo gefensa ta yi rumfa. Wurin da ta samu ne ke canza mata siffa. Ɗalibai da yawa kan rubuta iri biyu a littafinsu alhali abu ɗaya suka gani.

Sai a gwada da bakin wuƙa. Yana ɗagowa falle guda, ko ya manne sai an kankare shi da katako? Yana da taurin fata, ko yana marmashewa? A ɗan karce shi a jira minti ɗaya. Wasu daga cikin dangin Stereum suna fitar da jan ruwa idan an ji musu rauni da ɗanyensu, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi.

Launi shi ne abin da kowa ke fara faɗa, shi ne kuma mafi raunin shaida. Farare da masu ruwan madara sun yi yawa ƙwarai, ga shi launin yana sauyawa idan abu ya bushe ko ya tsufa. Kaɗan ne launinsu ke tona asirinsu nan take, kamar Terana caerulea mai shuɗi irin na baba. A ɗauki hoto tun yana ɗanye, a hasken rana, da rula a gefe.

Launin da ya fi amfani shi ne na iri. A yanko ɗanyen ɓawo, a kifa fuskarsa a kan gilashi, a rufe da kofi, a bar shi ya kwana. Da safe za a ga ƙura ta taru. Yawancin mannau farin iri gare su. Idan ƙurar ta fito ruwan ƙasa mai sirkin kore, sai a yi tunanin dangin Coniophora, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen ruɓar da jiƙaƙƙen katakon gini. Inda masana'anta ke da ɗakin gwaji, malami na iya nuna wani gwajin da ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5. Ɗigo ɗaya a kan ɓawo mai ruwan ƙasa, idan wurin ya yi baƙi ƙirin nan take, ana duban dangin Hymenochaete. Sinadarin yana ƙona fata da ido, ba abin kai wa gida ba ne.

Kada a kai hanci kusa don a shinshina. A rufaffen sito mai ƙura, a sa takunkumi, musamman masu asma.

Katakon da ke ƙarƙashi

Ga mai kula da sito ko kafinta, wannan sashe ya fi sanin suna muhimmanci. Abu biyu ne suka haɗu suka ba katako ƙarfi: zaruruwa farare, da wani danƙo mai duhu da ya ɗaure su, wanda masana ke kira lignin. Wasu mannau suna cin danƙon da zaren duka, sai katako ya yi fari, ya yi laushi, yana yagewa zare-zare. Wannan ita ce farar ruɓa, kuma ita yawancin mannau ke yi. Wasu kuma, irin su Coniophora, zaren kawai suke cinyewa su bar danƙon. Katako sai ya yi duhu, ya ƙanƙance, ya tsattsage tsaye da kwance zuwa gutsattsari masu kusurwa huɗu, a murza ya zama gari. Wannan ita ce jar ruɓa.

Jar ruɓa ta fi haɗari a katakon rufi da duk abin da ke ɗauke da nauyi, domin tana karya ƙarfin katako tun ido bai ga komai ba. Kafin katako ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, yana iya rasa fiye da rabin ƙarfinsa. Ga gwaji mai sauƙi: a soka bakin sukundireba a jikin katako a ɓanɓaro sili. Lafiyayyen katako yana ba da dogon sili, da ƙara. Wanda ya fara ruɓa sai ya ɓalle gajere, shiru. Idan kafinta ya ƙwanƙwasa ya ce, "Maigida, wannan tu-bai-fo ɗin zai ƙara shekara," ku ce masa ya ɓanɓaro sili a kusa da mahaɗa tukuna, ku gani tare.

Wanda ya leƙa littattafan gini na Ingila zai ga sun cika da labarin Serpula lacrymans, mai cinye katakon gidaje a can. Kada ku ɗauko sunan ku liƙa wa abin da kuka gani a Challawa. Wannan halitta ta ƙasar sanyi ce, girmanta yana tsayawa idan zafi ya kai wajen digiri 26, mu kuwa a watan Afrilu muna ganin 40.

Inda ido ke tsayawa

Duk abin da aka bayyana a sama zai kai ku ga rukuni, wani lokaci ga dangi. Da wuya ya kai ku ga ainihin suna. Ire-iren mannau da aka sani a duniya sun haura dubu, da yawansu kuma kamarsu ɗaya a ido. Sai an sa su a na'urar ganin ƙananan halittu, an auna tsawon ƙwayar iri da faɗinta, an duba yadda zaruruwa suka haɗu, yanzu ma har da gwajin ƙwayoyin gado. John Eriksson na Suwidin da Leif Ryvarden na Norwe, tare da abokan aikinsu, sai da suka cika littafi 8 daga 1973 zuwa 1988 a kan na arewacin Turai kaɗai. A ganina, manhajar waya da ke ba da suna daga hoto guda ba abin dogaro ba ce a wannan fanni. Wanda ya rubuta "fari, mai haƙora, farar ruɓa, a kan obeche" ya fi wanda ya kwafo dogon sunan Latin da bai tabbatar ba.

Idan ana son masani ya duba, a yanko ɓawon haɗe da ɗan katakonsa, a busar a inuwa inda iska ke kaɗawa, a sa a ambulan na takarda. Leda tana ruɓar da shi cikin kwana biyu. A rubuta kwanan wata, wuri, irin katako, launinsa da ɗanye, da launin iri. Da irin wannan bayani ne sashen nazarin tsirrai na jami'a, kamar ta Bayero, zai iya yin wani abu da samfurin.

Ba duk labarin mannau ne ɓarna ba. A daji, su ne ke mayar da matattun rassa taki. A 1974 Harold Burdsall da abokin aikinsa suka bayyana wani farin mannau mai suna Phanerochaete chrysosporium, mai son zafi kusan digiri 40. A 1983 Ming Tien da Kent Kirk, a cibiyar binciken katako da ke Madison a Amurka, suka gano sinadarin da yake narkar da lignin da shi. Daga baya aka ga sinadaran irin wannan halitta suna iya kashe launin rini a gurɓataccen ruwa. Wanda ya san kalar ruwan da ke fita daga magudanan Challawa da Sharaɗa zai gane dalilin da ya sa masu bincike ke damuwa da shi, ko da yake abin da ya yi aiki a kwalba ba lalle ya yi a kwata ba.

Bayan an gane, sai me?

Kankare ɓawo ba magani ba ne, tunda jikin yana ciki. A fara da ruwa: a ɗinke yoyo, a yashe indararo da kwata, a ɗaga katako daga daɓe a kan bulo, a janye shi daga jikin bango, a buɗe wa iska hanya. Katakon da ke ɗauke da nauyi, idan gwajin sili ya nuna ruɓa, a yanke har a wuce wurin zuwa lafiyayye, a maye da busasshe. Maganin katako irin su Solignum na kare lafiyayyen katako ne, ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi. Baƙin mai da wasu ke shafawa a kan jiƙaƙƙen katako kuwa rufe lemar yake a ciki, ga haɗarin gobara.

Masu fitar da fata waje su lura da abu ɗaya. Tambarin HT da ke jikin katakon ɗora kaya yana nufin an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, bisa ƙa'idar duniya ta ISPM 15 da aka amince da ita a 2002. An yi haka don kashe ƙwari. Idan katakon ya sake jiƙewa, mannau zai kama shi da tambarinsa.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya nemi izinin mai wuri, ya kifa katako biyar da suka daɗe a ƙasa, a wurin aikinsa ko a gida. Duk wanda aka sami wani abu a kai, a fara tantance ko gara ce, ko funfuna, ko gishiri, ko mannau, a rubuta dalili. Idan mannau ne, a bayyana fuskarsa da gefensa da launinsa, a faɗi ko farar ruɓa ce ko ja, a kwana da samfur a kan gilashi don ganin launin iri. A ƙasan shafin a amsa tambaya ɗaya: daga ina ruwan yake zuwa? Ku zo aji da ambulan ɗinku da hotunanku, kuma kada wanda ya hau rufi shi kaɗai don neman samfur.